Mai Hoton Biki: Baƙon Da Ake Miƙa Wa Mabuɗin Gida

Da zarar kaka ta yi, an cire gero da dawa an zuba a rumbu, ko kuma watan Sha'aban ya kama ana rige-rigen a ɗaura kafin azumi, to lokacin aure ya zo a ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A irin wannan lokaci duk wanda ya shiga Kasuwar Daji zai ga samari a rumfunan 'yan yadi da na 'yan takalma suna ciniki, iyayen 'yan mata kuma suna wajen masu gado da katifa da kwanuka. Kowane abu an yi shawara a kansa. An yi shawara a kan sadaki, an yi a kan lefe, an yi a kan wanda zai karɓi aure da wanda zai bayar, har ragon walima sai an taɓa an ɗaga an ji nauyinsa kafin a biya. Abu ɗaya ne ake bari sai ana gobe biki, sannan wani abokin ango ya ce ya san wani yaro mai kyamara, a kira shi a waya, shi ke nan an gama. Wannan abu ɗaya kuwa shi ne mai ɗaukar hoto.

Abin mamaki a nan shi ne, a duk cikin waɗanda ake biya su yi aiki ranar biki babu wanda ake sakar wa gida kamar shi. Mai kawo rumfa da kujeru a ƙofar gida yake tsayawa. Mahauci ya yanka ya feɗe ya tafi. Liman ya ɗaura ya yi addu'a ya tashi. Hatta ƙanin mahaifin ango, dattijo mai furfura, sai ya yi sallama a zaure ya jira a ce masa ya shigo. Amma mai hoto, saurayi baligi wanda ba a san sunan ubansa ba, shi ne zai ratsa zaure ya ratsa tsakar gida ya faɗa har ƙuryar ɗakin da amarya take da ƙawayenta, ya ce wannan ta gyara mayafi, waccan ta karkato, amarya ta ɗago kai ta yi murmushi, kuma ba wanda zai ce masa uffan saboda ya rataya kyamara a wuya. Bayan nan sai ya saka abin da ya gani a aljihu ya hau babur ya tafi da shi. Ina saurayin da zai yarda wani ƙato ya leƙa ɗakin matarsa ta taga? To amma ga shi da kuɗinsa ya ɗauko wanda zai shiga ta ƙofa, ya duba, kuma ya adana.

Ya kamata tun farko a fahimci cewa wannan sharhi ba fatawa ba ce a kan halascin hoto ko haramcinsa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wannan mas'ala. Tun bayan da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a shekarar 1839, da ta iso ƙasashen Musulmi, wasu malamai suka haɗa ta da suranta mai rai da hadisai suka yi hani a kai, suka ce ba ta halatta sai da larura kamar ta fasfo da katin shaida. A kan wannan Shaikh Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya ya tafi. Wasu kuma, irin su Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i wanda ya yi Muftin Masar a farkon ƙarni na 20, suka ce ai kame inuwa ce kamar yadda madubi yake yi, ba ƙirƙira ba ce, saboda haka hukuncin yana bin abin da aka ɗauka da kuma abin da za a yi da shi. Wanda ya bi na farko ya hutar da kansa daga duk abin da za a faɗa a nan. Wanda kuma ya bi na biyu, kuma su ne mafi yawa a aikace, to ya sani malaman da suka halatta masa ba su halatta masa kallon al'aura ba, ba su halatta masa cakuɗuwar maza da mata ba, ba su kuma halatta masa almubazzaranci ba. Umarnin runtse ido da Suratun Nur ta yi wa muminai maza da mata a aya ta 30 da ta 31 bai keɓe wanda yake kallo ta cikin gilashin kyamara ba.

Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a wannan ƙasa kafin jihadi, kuma a wannan zamanin ne wani malami, Mustafa Gwani, ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa tare da maza. Malam Abdullahi ƙanin Shehu ne ya mayar da martani, kamar yadda ya kawo a Tazyinul Waraƙat, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni, kuma ana iya tsare haddi ba tare da an hana su alheri ba. Abin lura shi ne, ko a wajen neman ilimi, wanda yake wajibi, sai da aka tsaya aka yi muhawara a kan yadda za a zauna. Yau ga jikokinsu sun rushe shingen baki ɗaya saboda hoton da ko mustahabbi bai kai ba.

Dattawan Kaura Namoda sun san yadda abin ya faro. Garin ya zama ƙarshen layin dogo tun 1929, jirgi yana kwasar gyaɗa da auduga yana kawo baƙi da sababbin sana'o'i, daga baya kuma aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, ɗalibai suka yawaita, shagunan hoto suka samu kasuwa. A wancan lokaci fim ake sa wa kyamara, kuma fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci. Kowane hoto kuɗi ne, saboda haka mai hoto ba ya danna maɓalli sai ya tabbata. A tsaya a ƙofar gida a ɗauki ango da abokansa, a ɗauki amarya da iyayenta mata, a kai birni a wanke, bayan mako ɗaya ko biyu a kawo a ambulan. Uwar gida ta sa a albam ta jefa a ƙasan akwati ko adaka, ba mai gani sai wanda aka buɗe masa. Ko a lokacin akwai ɓarna, domin wasu masu shago suna liƙa hotunan 'yan matan mutane a allon gilashi a bakin titi don talla, amma dai wanda zai gani sai ya zo garin ya tsaya a bakin shagon.

Wannan duniyar ta wuce. Kamfanin Kodak da ya yi sama da shekara ɗari yana sayar da fim, wanda kuma a cikinsa ne aka ƙera kyamara marar fim ta farko a 1975, shi kansa ya durƙushe ya nemi kariyar kotu a 2012. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta zo da kyamara a jikinta, sannan Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo baya. Yanzu mai hoto yana iya ɗaukar hoto ɗaruruwa a yini guda ba tare da ya ƙara kashe ko kwabo ba. Ya ba ango hamsin ko ɗari da aka zaɓa. To sauran fa? Wanda aka ɗauka amarya ba ta shirya ba, mayafi ya zame. Wanda ƙanwar ango take rawa a tsakar gida a zatonta mata ne kawai. Wanda wata matar aure mai shayarwa ta faɗo a gefe ba ta ma san ana ɗauka ba. Duk suna nan a katin memori, daga nan su koma kwamfutar shago inda yaran shago uku ko huɗu suke zama, daga nan kuma Allah kaɗai ya san inda za su. Ran da kwamfutar ta lalace a kai wa mai gyara, ran da aka sayar da wayar ba a goge ba, wani ya gaje su. Yanzu ma har an samu manhajojin da suke iya ɗaukar fuskar mace daga hoto na mutunci su ɗora a kan abin da baki ba zai iya faɗa ba. Hoton da ya shiga intanet kuwa kamar magana ce, zarar bunu. Ba a mayar da ita.

Akwai kuma wani ɓangare da ya keɓanta da wannan yanki, wanda mutumin Legas ko Abuja da yake koyar da yadda ake zaɓen mai hoto ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Kowa ya san halin da hanyar Kaura zuwa Shinkafi da ta Kaura zuwa Zurmi suka shiga shekara da shekaru saboda 'yan bindiga. Kowa ya san kuma cewa ɓarayin daji ba duba suke yi ba. Labari ake kai musu. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta sa aka katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto daga cikin gari. Jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu a wancan lokaci, har sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya yi magana da ɗan uwansa. A watan Yuni na 2022 kuma aka tare 'yan kasuwar waya na Gusau su 29 a hanyarsu ta dawowa daga ɗaurin aure a Tambuwal ta jihar Sakkwato aka shiga da su daji. Wato taron biki da ayarin 'yan biki suna cikin abubuwan da ake hari.

To a irin wannan hali, mene ne bidiyon biki in ba rahoto ba? Ga ƙofar gidan, ga lungun da ake bi, ga akwatunan lefe an jera an buɗe ɗaya bayan ɗaya, ga sarƙa da 'yan kunne an matso da kyamara kusa, ga wanda ya yi liƙi ya fi kowa da fuskarsa ƙarara, ga motar da ya zo da ita har lambarta. Abin da ɗan rahoto zai yi wata guda yana leƙe kafin ya tara, an haɗa masa shi cikin minti uku da kiɗa a ƙarƙashi, an sa a shafin mai hoto don talla. Ba ana cewa masu hoto 'yan rahoto ne ba. Mafi yawansu 'ya'yan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma su ma hanyar nan suke bi da ransu a hannu. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya watsa hatsi a fili ba shi ne zai zaɓi tsuntsun da zai sauka ba. Abin takaici ma shi ne sau da yawa dukiyar da aka nuna ta aro ce. Motar ta maƙwabci ce, babbar rigar ta wa ce, rabin akwatunan za a mayar bayan biki. Amma wanda ya zo da bindiga tsakar dare ba zai saurari wannan bayani ba, kuɗin fansa zai yanka daidai abin da ya gani a hoto.

Saboda haka tambayar farko da ango zai yi ba ita ce wace irin kyamara mai hoto yake da ita ba. Ɗan wane ne? A wace unguwa yake? Wa ya san shi, wa zai tsaya masa? Wanne masallaci yake salla? Mutanen da ya yi wa aiki bara da bara waccan, sun taɓa ganin hoton iyalinsu a inda ba su kai ba? Wannan bincike bai fi na yini ɗaya ba a gari kamar Shinkafi ko Zurmi inda kowa ya san kowa. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a buɗe shafinsa a duba. In an tarar ya cika shi da amaren mutane, to ango ya sani tasa ce ta gaba, ko da an yi masa rantsuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai batun wanda zai shiga wajen mata. A nan babu wani dogon lissafi: namiji ya tsaya wajen ɗaurin aure da walimar maza, cikin gida kuma mace ta ɗauka. Za a ce ina matan suke? Amsa ita ce, ba su yawaita ba ne saboda ba a neme su ba. Wayoyin da suke hannun mutane a yau sun ishi ɗaukar hoton kamu da na lalle da na buɗar kai, kuma kusan kowane dangi akwai yarinya mai hankali da ta iya riƙe waya da kyau. A ba ta wayar amarya ko ta ango ta ɗauka da ita, hotunan su kwana a gida. A can gaba kuma, makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin da suke koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu ya kamata su lura cewa ga sana'a nan tana jira, mai tsafta, wadda mace za ta yi a cikin 'yan uwanta mata ta samu abin rufin asiri, musamman ma zawarawa da matan da aka kashe mazansu, waɗanda wannan fitina ta bari da marayu. Mai hoton da yake da hangen nesa shi zai fara koya wa matarsa ko ƙanwarsa su riƙa tafiya tare. Zai ga yadda gidajen mutunci za su riƙa nemansa.

Amma fa in mace ta ɗauka sannan ta miƙa katin ga yaran shago maza su zaɓa su gyara su wanke, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan ma sai an yi magana a kansa tun farko.

Abu na gaba shi ne a rubuta. Mutanen wannan ƙasa suna jin nauyin rubuta yarjejeniya, suna ganin kamar rashin yarda ne, alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ɗaya ta isa: nawa ne kuɗin, nawa aka bayar kafin alƙalami, hoto nawa za a wanke kuma wane girma, yaushe za a kawo, ina ne zai shiga ina ne ba zai shiga ba, sannan a rubuta ƙarara cewa ba zai sa ko ɗaya a shafi ko a allon shago ba, kuma zai miƙa duka ya goge nasa a gaban ango. Mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu. Mafi aminci ma shi ne ango ya sayi katin memori sabo da kuɗinsa, a sa a kyamara da safe, a cire a ba shi da yamma, in ya so ya je shagon da kansa a zaɓi na wankewa yana zaune.

Da yawa ba su san cewa ko dokar ƙasa ta yi magana a kan wannan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki mai hoto a matsayin mai haƙƙin hoton da ya ɗauka in babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, wanda wannan kaɗai ya isa ya sa ango ya farga. Amma ta kuma ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a buga shi ko a baje shi ko a watsa shi ga jama'a. Wato mai hoton da ya ce ai aikinsa ne yana da damar tallata shi, ba shi da gaskiya ko a gaban alƙalin boko, balle a gaban kotunan Shari'a da suke aiki a Zamfara tun bayan shelar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999. Sai dai mai hankali ya san kotu tana iya hukunta mai laifi, amma ba ta iya shiga wayoyin mutane dubu ta goge abin da suka riga suka sauke.

Bayan amana sai iya aiki, domin shi ma haƙƙi ne. Ranar ɗaurin aure ba ta maimaituwa, kuma an sha ganin ango ya biya kuɗi an kawo masa hotuna dishi-dishi, ko an ce masa kati ya lalace. Kada a yarda da hotuna biyar ko shida da mai hoto ya tsince yana nunawa. A ce ya nuna aikin ɗaurin aure guda daga farko har ƙarshe, na maza, wanda masu shi suka yarda a gani. A duba ko ya iya ɗaukar baƙin mutum cikin farar shadda a tsakar rana ba tare da fuska ta dushe ko rigar ta ƙone da haske ba, domin nan ne ake gane gwani a wannan ƙasa mai zafin rana. A tambaye shi batir nawa zai zo da shi, tunda ba wanda zai dogara da wutar lantarki a ƙauyukan nan. A kuma tabbatar shi da kansa zai zo, kada a yi ciniki da maigida a turo yaron da ya fara koyo watan jiya. Sannan a gaya masa matsayinsa: shi mai ɗauka ne, ba shi ne mai tsara taro ba. Abin kunya ne a ga dattawa da malamai a tsaye a rana ana jera su kamar ɗaliban firamare, ko a ce liman ya sake ɗaga hannu don ba a ɗauki addu'ar farko da kyau ba, ko a kira sallar La'asar ango da abokansa suna can suna sauya tsayuwa har rana ta yi ja.

Game da abin da ake kira hoton kafin aure kuwa, wanda aka kwaso daga finafinai da shafukan 'ya'yan masu kuɗin birni, magana ɗaya ce: kafin a shafa fatiha ita ba matarsa ba ce, ko da an kai lefe an sa rana. Riƙe hannu da jingina da kafaɗa a gaban wani namijin na uku ba su zama halal don an sa kaya iri ɗaya. Kuma aure nawa aka sa wa rana aka fasa? In an fasa, namiji ya kaɗe rigarsa ya nemi wata, ita kuwa hoton yana nan yana bin ta duk inda wani ya fito neman aurenta. Haka nan kalanda da sitika da jakar leda masu hoton ango da amarya da ake rabawa. Bayan wata biyu sai a ga fuskar matar mutum a bangon shagon mai shayi samari suna zaune a ƙarƙashinta, ko a ga an naɗe tsire da ita, ko tana yawo a kwata. In dole sai an raba wani abu, a rubuta suna da addu'a ya wadatar, shi ma a kula kada a sa ayar da za a wulaƙanta.

Sai kuɗi. Sadaki a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci Abdurrahman bin Auf, wanda yake ɗan kasuwa ne, da ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Addini ya sauƙaƙa, al'ada ta tsananta. A yankin da manoma da yawa suka kasa zuwa gonakinsu na nesa, wasu ma sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi noma ko girbi, ana samun saurayin da zai ci bashi ya ɗauko mai bidiyo daga Gusau da fitilu da na'urar da take tashi sama, kuɗin da zai sayi hatsin da za su ci watanni shi da amaryar. Biki ya watse, gara ta ƙare, mai bashi ya fara sallama, rigimar farko ta tashi a ɗakin da ko ƙamshin turaren wuta bai gama fita ba. Saurayin da ke bayansa kuma ya ga abin da aka yi ya ce shi ma ba zai yi ƙasa da haka ba, sai ya ƙara shekara biyu bai yi aure ba, da duk abin da wannan jinkiri yake jawowa.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen, domin a cikin masu karanta wannan jarida akwai masu wannan sana'a. Su ma ana zaluntarsu. A kira mutum ya yini a tsaye, ya sayi mai ya bi hanya mai haɗari, ya wanke hotuna da kuɗinsa, sannan ango ya shiga ɓuya, ko ya ce ai abota ce. Wanda ya sa sharuɗɗa masu tsauri a kan mai hoto, ya hana shi talla da aikinsa, to ya san ya rage masa wata hanyar samun kasuwa, saboda haka ya biya shi cikakke kuma a kan lokaci, ya kuma yi masa talla da baki a wajen abokansa. Idan masu riƙon amana suka ga amanar tana kawo musu ciniki, sauran ma za su bi. Su kuma masu hoto na Kaura da Kasuwar Daji da Shinkafi da Zurmi, lokaci ya yi da za su zauna a tsakaninsu su sa wa kansu ƙa'ida su riƙa hukunta wanda ya saɓa, kafin wani ɓata-gari ɗaya ya jawo a yi musu kuɗin goro.

Akwai hoton da ya cancanci a kashe masa kuɗi, kuma shi ne aka fi mantawa. Samari suna cinye lokacin mai hoto a kan kansu da abokansu, a jingina da mota, a gyara hula, alhali ga kakan ango can a kan buzu, ga mahaifin amarya, ga malamin da ya koya wa ango alif da ba, ga baffan da ya taso daga ƙauye ya kwana a hanya. A wannan ƙasa da garuruwa suka tashi, dangi suka warwatsu wasu a Gusau wasu a Sakkwato wasu har Maraɗi, gidaje nawa ne suke da maraya wanda bai san kamannin ubansa ba sai a ɗan hoton katin zaɓe? Ga wanda ya bi ra'ayin halasci, waɗannan su ne fuskokin da za a nema nan da shekara ashirin. A ɗauke su da izininsu, wanda ya ƙi a ƙyale shi, domin akwai dattawan da ba sa so kuma haƙƙinsu ne. A wanke a takarda mai kyau, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kati yana mutuwa. A rubuta sunaye da kwanan wata a bayan kowanne, na Hijira da na Miladiyya, a sa a albam a ba uwar gida ta ajiye a akwati inda gara da damshin damina ba za su kai ba.